Asabar a Agege: sitiyarin G29 da Assetto Corsa a kan Linux Mint

Aikin yau ɗaya ne: haɗa sitiyarin wasan tseren mota na Logitech G29, tokumbo daga Computer Village ta Ikeja, da kwamfuta mai Linux Mint har ya yi tsere yadda ya kamata. Tayar da wasan Assetto Corsa ba shi ne wahalar ba, domin tun da kamfanin Valve ya fito da manhajar Proton a 2018 wasannin Windows da yawa suna tafiya a Linux ta cikin Steam, shagon wasannin kamfanin. Wahalar tana wajen turjiyar sitiyari, wato yadda yake ja yana girgiza a hannu, ya sanar da mai tuƙi cewa tayoyin gaba sun fara sulɓewa. In babu ita, ana kallon mota ne kawai, ba a jin ta.

Da safe na fara da duba na'urar kanta. G29 yana da adaftarsa mai bolt 24. In wuta da USB sun shiga daidai, sitiyarin zai juya da kansa zuwa ƙarshen kowane ɓangare, sannan ya dawo tsakiya. In bai motsa ba, a tuhumi adafta ko waya kafin a tuhumi Linux, kuma mai saye a kasuwa ya sa a gwada masa wannan a gabansa. Ɗan makunnin da ke sama mai PS3 da PS4 a bar shi kan PS3. USB kuma a soka ta kai tsaye a bayan kwamfuta.

Bayan azahar sai direban na'urar, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta iya sarrafa sitiyarin. Wanda ya zo a cikin zuciyar Linux yana ba da ƙarfin ja, amma bai iya sauran nau'o'in turjiya ba, irin nauyin nan da ke hana sitiyari kaɗawa in mota tana tafiya a hankali. Maganinsa wani direba mai suna new-lg4ff. Ana girka dkms da linux-headers, kayan haɗa direba, a ajiye fayilolin a /usr/src/new-lg4ff, a buga sudo dkms install /usr/src/new-lg4ff, sai sudo update-initramfs -u, sannan a sake kunna kwamfuta. Matakin update-initramfs ɗin nan shi ake yawan mantawa, sai tsohon direban ya riga sabon tashi, mutum ya zaci aikin bai yi ba. In Secure Boot, tsaron da ke duba manhajoji lokacin tashin kwamfuta, yana kunne zai ƙi direban da ba shi da sa hannu. Ko a yi masa rajistar mabuɗin sa hannu (MOK), ko a kashe shi a BIOS.

Manhajar Oversteer ce ke riƙe da saiti: zagayen sitiyari digiri 900, komawa tsakiya da kansa sifili. A cikin wasan ma a sa 900. In lambobin biyu suka saɓa, hannu zai juya kaɗan mota ta juya da yawa, ko akasin haka, kuma babu gyaran mota da zai magance wannan. A Steam kuwa dole a kashe Steam Input, tsarin Steam na sarrafa na'urorin wasa, na wannan wasan, in ba haka ba yana iya ɗaukar sitiyarin kamar abin wasa na hannu, turjiyar ta ɓace.

Assetto Corsa na 2014 yana buƙatar manhajar .NET ta Microsoft, shi ya sa na fi yarda da GE-Proton, wani nau'in Proton da aka yi wa ƙari, wanda ake saukewa ta manhajar ProtonUp-Qt. Tashin farko yana jan lokaci ba tare da komai ya bayyana ba. Aiki yake, kada a kashe shi. Faifan da wasan yake kai ya zama mai tsarin ext4 na Linux, domin Proton da NTFS, tsarin faifai na Windows, ba sa jituwa. Mai son Custom Shaders Patch, ƙarin da ke gyara hoton wasan, ya ƙara WINEDLLOVERRIDES="dwrite=n,b" %command% a zaɓin tashin wasan a Steam.

La'asar aka ɗauke wuta, janareto ya karɓa. Kwamfuta tana kan UPS, amma adaftar sitiyari tana bango, sai turjiyar ta mutu ana tsakiyar kwana. Adaftar ba ta kai wat 50 ba, don haka ita ma wurinta UPS ne. A kuma adana saitin Oversteer da suna, don a maido shi nan take duk lokacin da aka sake jona sitiyarin.

Da dare na gwada a filin tseren Monza na cikin wasan da motar tsere ajin GT3. Injin G29 ƙarami ne, kuma da haƙoran giya yake aiki. In ƙarfin turjiya yana 100, a doguwar kwanar Parabolica injin sitiyarin yakan kai maƙura, sitiyari ya yi nauyi iri ɗaya, ba a ƙara jin lokacin da taya za ta saki. Ɗan allon feda na cikin wasan yana nuna hakan, sandar turjiya ta koma ja. Na sauke shi zuwa 70, na ɗaga mafi ƙarancin ƙarfi zuwa 10 don cike sakakin da ke tsakiya, sai birkin kwana ta farko ya fara jiyuwa a tafin hannu.

Tsere ta intanet yana tafiya, sai dai yawancin sabobin, kwamfutocin da ke haɗa 'yan tsere, suna Turai, don haka wayar ethernet ta fi Wi-Fi. Wasan iRacing kam ba ya cikin lissafi, tsarinsa na hana maguɗi bai yarda da Linux ba. Wanda kwamfutarsa ba ta da ƙarfi ya fara da wasan Speed Dreams, wanda aka tsago daga wani wasan tsere mai suna TORCS; kyauta ne, kuma ba ya buƙatar Proton.