Kafin ka tayar da tsohuwar akori-kura 504

Peugeot 504 akori-kura, irin waɗanda aka haɗa a Kaduna, tana tashi ko ta shekara goma a ajiye, in dai shasi bai ruɓe ba. Shi za ka fara dubawa: shiga ƙarƙashi da guduma, ka ƙwanƙwasa wajen mariƙin sifirin na baya. In ya burma, walda tukuna, fenti ya jira.

Kada ka murɗa makulli ka tayar da ita kai tsaye. Cire fulogi huɗun, ɗiga baƙin mai a kowane rami, bar shi ya kwana, sannan ka juya injin da sifana. Zubar da tsohon fetur, wanke tanki da kafireta. Tazarar kwantak, wato bakin ƙarfen da ke buɗewa yana rufewa don kai wa fulogi wuta, milimita 0.4 ce.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen cire tof silinda, wato murfin saman injin. Silib ɗin injin nan, wato bututun ƙarfe huɗu da fistin ke hawa da sauka a ciki, a cikin ruwa suke zaune. In ka juya injin bayan cire tof ba ka danne su da washa da noti ba, sai su ɗago, abin da ya toshe gindinsu ya saki, ruwa ya gangara cikin baƙin mai ya koma fari kamar nono. Sai an ciro silib ɗin an sake toshe gindinsu.

Robobin birki kuwa, canza su duka, kada ka tsaya zaɓe.