Lahadi a Filinmu na Jar Ƙasa

Lahadi da dare, Aboabo, Kumasi.

Na yi isha'i, na ci tuwo, na kwanta, barci ya ƙi zuwa. Mun ci wasa yau, biyu da ɗaya, amma zuciyata a cunkushe take tun da na baro fili. Shi ya sa na tashi na ɗauko waya in rubuta.

Da safe ina shan koko da ƙosai sai ɗana na fari ya fito sanye da rigar Chelsea. Ya ce, "Baba, yau ma filin ƙura za ka je?" Na ce e, kuma tare za mu. Ya ɓata rai, don da ƙarfe 4:30 akwai babban wasan Ingila a gidan kallo, kuma a wannan lokaci na hunturu agogonmu da nasu ɗaya ne. Muka yi yarjejeniya: ya raka ni zuwa hutun rabin lokaci, ni kuma in ba shi kuɗin shiga gidan kallo. Uwarsa tana jinmu daga madafa, ta ce, "Maigida, ka bar yaro ya kalli abin da ransa ke so." Ban tanka ba. Na san gaskiya ta faɗa, sai dai ina so ya ga wurin da na tashi.

Ƙungiyarmu tana rukuni na biyu ne na ƙwallon Ghana, wanda hukumar ƙwallo ta jihar Ashanti ke kula da shi. Sama da mu akwai rukuni na ɗaya mai ƙungiyoyi 48 a shiyyoyi uku, sama da su kuma Firimiyar Ghana mai ƙungiyoyi 18. Kafin mu hau mataki ɗaya tak, sai mun zo na farko a shiyyarmu, sannan mu shiga wasannin share fage da zakarun sauran shiyyoyi, wurin da wahalar shekara guda kan iya rushewa a yammaci ɗaya. Sau biyu ina ganin haka da idona. Na biyun na yi kwana uku ban buɗe shago da walwala ba.

Mun hau pragya, wato keke mai ƙafa uku, bayan azahar, muka isa kafin ƙarfe uku. Fili jar ƙasa ce, ciyawa sai ɗan abin da ya tsira a kusurwa. An zana layi da farar ƙasa, iskar hunturu ta riga ta share rabinsa. Ba kujera, sai benci biyu na 'yan canji da inuwar bishiya guda da dattawa suka mamaye. Na kai wa koci jaka biyu ta fiya wata kamar yadda na saba. Ya karɓa ya ce, "Allah Ya ƙara buɗi, Yaya," sai ya rage murya ya nuna mini wani mutum da haɓa. Baƙo ne, farar riga, baƙin tabarau, yana tsaye bayan raga da waya a hannu. Ba sai an gaya mini ba. Ya zo ne ya ga ɗan wasanmu mai lamba 8.

Wannan yaro tun yana ɗan shekara tara na san shi, yana buga ƙwallon leda a lungun bayan shagona. Mahaifiyarsa waakye, wato shinkafa da wake, take sayarwa a bakin titi. Takalmin ƙwallonsa na farko mu huɗu muka yi karo-karo muka sayo masa na gwanjo a kasuwar Kejetia, ya yi masa yawa har sai da ya riƙa cusa tsumma a gaba. Yau shekararsa 17, kuma idan ya karɓi ƙwallo a tsakiya, kafin ta iso ƙafarsa ya riga ya san inda za ta. Ba a koyar da wannan, baiwa ce daga Allah.

To ga abin da ya hana ni barci. Da aka take wasa, na tsinci kaina ina addu'a biyu masu karo da juna. Baki yana cewa Allah Ya ba shi sa'a, can ƙasan zuciya kuwa ina fatan kada ya haskaka sosai yau, kada mai farar riga ya ga abin da muke gani. Na ji kunyar wannan tunani ƙwarai, na yi istigfari. Yaron da uwarsa ke tashi tun kafin asuba ta ɗora tukunya, ni ne zan so arzikinsa ya jinkirta don kawai in ci gaba da jin daɗin yammacin Lahadi?

Ya haskaka kuwa. Minti kamar ashirin da farawa ya yanke mutum biyu, ya zura wa ɗan gabanmu ƙwallo ta tsakanin masu tsaron baya, sai raga. Ƙura ta tashi, yara suka ruga cikin fili, alƙalin wasa ya yi ta busa usur kafin a kore su. Na duba ɗana, na ga ya yi tsalle har hularsa ta faɗi. Wannan kaɗai ya biya ni kuɗin pragya.

A hutun rabin lokaci muka shimfiɗa kwali a gefen fili muka yi la'asar, 'yan wasan ɓangarorin biyu a sahu ɗaya da mu. Ana sallamewa ɗana ya miƙo hannu. Na ba shi kuɗinsa, ya tafi da gudu. Na bi shi da kallo har ya sha kwana.

Wani dattijo da muke zama tare a gindin bishiya, wanda ya ga wasan Baba Yara da idonsa yana yaro, ya lura da ni. Ya ce, "Ɗana, kada ka damu, haka ƙwallon zango take tun asali. Mu ne gona, wasu ne rumbu." Daga nan ya shiga lissafi, kamar kullum. Baba Yara ɗan Kumasi ne, haɗarin mota ya kwantar da shi a 1963, ya rasu a 1969, yau babban filin garin nan sunansa yake ɗauke da shi. Abdul Razak ya fara a Cornerstones kafin ya koma Kotoko, babbar ƙungiyar garin nan, ya zama gwarzon Afirka a 1978. Sammy Kuffour daga ƙungiyar King Faisal ta Kumasi ya fita yana ɗan yaro, ya je Italiya, ya ƙare da ɗaga kofin zakarun Turai da Bayern Munich a 2001. Ibrahim Tanko ma daga King Faisal ɗin ya tafi Dortmund. Na ƙara masa da Fatawu Issahaku, wanda yana Steadfast ta Tamale a rukuni na ɗaya aka zaɓe shi gwarzon gasar Afirka ta 'yan ƙasa da shekara 20 a 2021. Dattijo ya gyaɗa kai. Sai na tuna masa cewa King Faisal ɗin da ta raini waɗancan, a 2023 ta kai wasan ƙarshe na kofin FA kuma a shekarar ta faɗo daga Firimiya. Ya yi shiru, ya ce, "Ai shi na gaya maka."

Abin da ba mu faɗa ba, kuma dukanmu mun sani, shi ne waɗanda ba a lissafawa. Akwai wani mai tsaron ragarmu da wani dillali ya ɗauka shekarun baya, bayan iyayensa sun sayar da fili sun biya kuɗin tafiya. Aka bar shi a ƙasar waje ba ƙungiya ba takardu. Sai da unguwa ta haɗa kuɗi ya dawo, kuma har yau ba ya bi ta kusa da fili. Duk lokacin da na ga baƙo da waya a bayan raga, fuskar wannan yaro nake fara gani.

Abokan karawarmu suka farke bayan dawowa daga hutu, da bugun kusurwa. Saura kaɗan a tashi aka kayar da ɗan gabanmu a bakin da'ira, mai lamba 8 ya ajiye ƙwallo, ya buga ta haye katangar mutane ta sauka a kusurwar raga. Na yi ihu har muryata ta dishe. Ko a 1983 da Kotoko ta ci kofin Afirka, ina ƙarami a kafaɗar kawuna garin nan yana girgiza, ban jin na yi murnar da ta fi ta yau. Can na dubi bayan raga, mai farar riga ya daina ɗaukar hoto, yana magana da koci.

Bayan magariba ina rufe shago sai ga yaron, ya yi wanka, ya sa jallabiya. Ya durƙusa ya ce, "Kawu, an ce in je Akara gwaji ranar Laraba. Na zo ka sa mini albarka." Na ɗora hannu a kansa na yi masa addu'a, wannan karon da zuciya ɗaya. Na ce kada ya sa hannu a kowace takarda sai koci da wan mahaifiyarsa sun karanta, kada kuma a karɓi ko sidi ɗaya a hannun uwarsa da sunan kuɗin hanya. Na ce ya riƙe sallah, ya nemi 'yan'uwa a unguwar Nima idan ya sauka. Ya ce, "In sha Allahu, Kawu." Na cusa masa abin da ke aljihuna. Ya ƙi karɓa, na matsa masa.

Ɗana ya dawo yana ba ni labarin wasan Ingila, na saurara, amma da ya gama shi da kansa ya tambaye ni yadda muka tashi. Na kwatanta masa bugun ƙarshe da ƙafata a tsakar gida.

Yanzun nan koci ya turo saƙo a zauren WhatsApp na magoya baya. Mako mai zuwa a waje za mu buga, ana neman kuɗin hayar motar trotro da na abincin yara. Bai ambaci wanda zai sa lamba 8 ba, kuma ba wanda ya tambaya. Na tura nawa, na ce a ajiye mini kujera kusa da taga.