Na Sauka, Lambobina Sun Zauna a Mota

Shekaru kaɗan da suka wuce na ɗauki shatar mota daga Kubwa zuwa Keffi domin ɗaurin auren wani abokin aikina, kuma da yake hanyar Nyanya da Mararraba ba ta rabo da cunkoso, sai na roƙi direban ya bar ni in haɗa wayata da rediyon motarsa ta Bluetooth mu saurari karatu. Wayar ta nuno mini tambayoyi biyu a jere, na danna amincewa ba tare da na karanta ko ɗaya ba, domin hankalina yana kan kada mu makara. Bayan kusan wata guda na sake kiran direban nan. Ina shiga sai rediyon ya kama wayata da kansa, direban kuma ya nuna mini allon motar, ga sunayen mutanena nan reras, tun daga mahaifiyata har mai bina bashi. Ya ce, "Yallaɓai, ai tun ranar nan suke ciki, ban san yadda ake goge su ba."

Ƙannena matasa, a da na ɗauka haɗin Bluetooth kamar musabaha yake, da an saki hannu an rabu. Ashe a ranar farko da na'urori biyu suka haɗu sukan ƙulla wani mabuɗi na sirri, kowace ta adana shi, shi ya sa gobe suke gane juna ba tare da neman izinin kowa ba muddin suna kusa, wato kimanin mita 10 ga yawancin wayoyi. Tambaya ta biyu da na tsallake kuwa ita ce ko na yarda motar ta kwafi lambobina da tarihin kirana, alhali sauraren karatu ba ya buƙatar ko ɗaya daga ciki. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, goge motar daga waya bai isa ba, domin motoci da yawa sukan riƙe abin da suka kwafa har sai an shiga allonsu an cire wayar da hannu. Duk wanda ya haɗa wayarsa da motar da ba tasa ba, ya ƙi amincewa da wannan tambaya, kuma ya goge haɗin a ɓangarorin biyu kafin ya sauka.

Irin wannan mantuwar ce ta sa wata rana saƙon muryar da maiɗakina ta aiko mini ya fito ta sifikar maƙwabcina a gaban majalisa, saboda na taɓa haɗa wayata da ita a wurin suna. An yi dariya an tashi, amma har yau ana tsokanata da cefanen da ta lissafa.

Wurin da ake yin haɗin farko ma abin lura ne. Tun daga samfurin Bluetooth na 2.1 da ya fito a 2007, na'urorin da ke da allo sukan nuna lamba mai alƙaluma 6 a ɓangarorin biyu, kuma manufar ita ce mutum ya kwatanta su, in sun saɓa ya fasa. Na daɗe ina dannawa ba na dubawa. Abin sawa a kunne kuwa ba shi da allo, saboda haka babu lambar da za a kwatanta, ga shi masu araha da yawa suna ɗaya suke amsawa, har mutum ya tsaya a tsakiyar kasuwar Wuse ya ga sunaye iri ɗaya jere a wayarsa bai san wanne ne nasa ba. A ganina a bari sai an koma gida. Tsofaffin na'urori masu karɓar 0000 ko 1234 a matsayin lambar sirrin haɗi kuma ba na yarda su ga lambobina, domin kulle ne da kowa ke da mabuɗinsa.

Na kuma daina ɗage sabunta manhajar waya saboda ƙyashin data. A 2017 kamfanin tsaro na Armis ya bayyana wata ɓaraka da aka kira BlueBorne, wadda ake iya shiga waya ta cikinta ko ba a haɗa ta da komai ba, matuƙar Bluetooth yana kunne, kuma ta hanyar sabuntawa aka toshe ta. Idan ba a amfani da shi a kashe shi, sai dai masu iPhone su sani cewa danna alamar da ke allon gajerar hanya yanke haɗi kawai yake yi na ɗan lokaci, kashewa ta gaskiya tana cikin saituna.

A ranar da na sake kiran direban nan, kafin mu bar Kubwa na sa direban ya tsaya gefen titi, muka lalubo inda motar take ajiye wayoyin da ta sani. Na goge tawa, sannan muka tarar da na wasu fasinjoji huɗu a ƙasanta, waɗanda shi kansa bai tuna fuskokinsu ba, muka bi su ɗaya bayan ɗaya muka cire.