Jaririn da ba a jin kukansa

Shekarata ta farko a ɗakin jarirai, a wani asibiti a Birnin Kebbi, da kunne nake aiki. Wanda ya tsala kuka, wurinsa nake fara zuwa. Sai aka kawo mana wani yaro daga wajen Argungu, an haife shi da ƙaramar haɓa, saman bakinsa ta ciki a tsage, harshe kuma yana komawa baya yana toshe masa numfashi. Likitoci na kiran abin Pierre Robin. Da kwantar da shi rub da ciki bai wadatar ba, aka huda maƙogwaronsa aka sa bututu.

Iskar da ta bi ta bututu ba ta kaiwa inda murya take fita. Zai yamutsa fuska, ya wangale baki, amma shiru.

Lokacin hunturu ne. Hanci shi ke jiƙa iska ya ɗumama ta ya tace ƙura, yaron kuwa iskarsa ba ta bi ta hanci. Faɗin ramin bututun milimita 3.5 ne kacal, kuma na jarirai ba shi da bututu na biyu a ciki da za a zare a wanke irin na manya. Majina kaɗan ta bushe, hanya ta rufe.

Wani dare ina can ina lallashin mai kuka, kakarsa ta kamo hannuna. "Ɗiyata, zo ki duba, ƙirjin yaron ga na lotsawa." Na tarar leɓensa ya fara duhu. Na zura robar zuƙo majina, ta ƙi wucewa. Babbar nas ce ta yanke igiyar wuya da ke riƙe da bututun ta zare shi ta sa sabo, ni kuwa hannuna sai rawa yake.

A makaranta an lissafa mana sauran matsalolin: bututu ya suɓuce, tsiron nama a bakin hujin, zubar jini, ƙwayoyin cuta. Na haddace su na ci jarrabawa. Amma tun daga daren nan, ba na karɓar aiki sai na ga bututu biyu a gefen gado, ɗaya daidai nasa, ɗaya bai kai shi girma ba, na kuma zura yatsa ɗaya ƙarƙashin igiyar in ji ɗaurin. Gadon irin wannan yaro kuma kusa da teburina nake jawo shi, inda zan riƙa ganin ƙirjinsa.

Kakar ma kafin a sallame su sai da ta iya zuƙo majina da hannunta, tana ƙirga daƙiƙa biyar a bayyane.