Sarki Ya Ji Ciwo A Hanci: Mako Na Bakwai

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyon kiwon kwaɗi. Na yi shiru mako uku, dalili kuwa shi ne babban bududdugin nan da yaran gidanmu suka raɗa wa suna Sarki.

Ga wanda bai biyo mu tun farko ba, kwaɗi uku ne da na kamo a kududdufi farkon damina, suna zaune a tsohon baho mai murfin raga. A mako na huɗu na tashi na tarar Sarki ya goge fatar bakin hancinsa. Dare ɗaya ya yi ta tsalle yana dukan ragar. Ciwon bai kai girman ƙwayar wake ba, ja-ja, ba jini.

Nan na tafka kuskure. Kullum safe da yamma sai na cafke shi, in haska masa tocila, in ɗauki hoto. Yana zillo, yana fitsari a hannuna, ni kuwa gani nake jinya nake yi. Kwana tara ciwon bai matsa ko kaɗan ba, gefensa ma ya fara yin fari, cin ƙwari ya ragu. Garin neman gira na kusa rasa ido.

Da na koma karatu sai na gane inda gizo ke saƙa. Duk lokacin da kwaɗo ya firgita, ƙwaƙwalwarsa na aika saƙo zuwa wani nama da ke manne da ƙodarsa, shi kuma ya saki sinadarin da ake kira kotikosteron, ɗan'uwan kotisol ɗin da ke jikinmu. Na ɗan lokaci alheri ne, yana zuba sukari cikin jini don a samu ƙarfin tsere wa maciji. Amma in ya daɗe a sama, yana danne kumburi, alhali da kumburi warkewa ke farawa, shi ke kiran fararen ƙwayoyin jini su share wurin kafin sabuwar fata ta rufe. Wani rukuni na waɗannan ƙwayoyin ma raguwa yake yi a jini. Wato a wurin Sarki, hannuna shaho ne da ke zuwa sau biyu a rana.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne maganar fata. A 1987 wani likita a Amurka, Michael Zasloff, ya lura cewa kwaɗin Afirka masu farce, irin da ake kira Xenopus laevis, ana yi musu tiyata a mayar da su ruwa mai datti, amma ciwon ba ya ruɓa. Da ya bincika sai ya gano fatarsu na fitar da wasu sinadarai masu kashe ƙwayoyin cuta, ya sa musu suna magainin. To, sinadarin firgici irin kotikosteron na rage samar da makamancin wannan kariya. Wannan yauƙin da nake wankewa daga hannuna da sabulu, ashe kantin maganinsa nake kwasowa.

Abin da na sauya ba shi da yawa. Na daina taɓa shi gaba ɗaya. Na ɗauke bahon daga kusa da janareto zuwa bayan ɗaki, na kifa masa fasasshiyar tukunyar ƙasa ya samu maɓoya, na shimfiɗa tsohon gidan sauro a ƙarƙashin ragar. Ruwan famfo kuma sai ya kwana biyu a bokiti kafin in zuba, don kulorin, wato maganin da ake sa wa ruwan famfo, ya fita. Hoto daga nesa nake ɗauka, sau ɗaya a kwana uku.

Kwana shida bayan haka, wata siririyar fata mai launin toka ta rufe wurin. Jiya da magariba ya haɗiye fara biyu a gabana.

Kar dai wani ya ce na tabbatar da wani abu. Kwaɗo ɗaya ne, kuma abubuwa biyar na sauya a tare, wataƙila ruwan ne kaɗai. Malama Hajiya, ke da kika ce naki biyu sun goge hanci, don Allah ki bar su a baho daban-daban, ki sauya abu guda ga ɗaya kawai, mu kwatanta hotuna ranar Juma'a ta sama.