Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Yadda na kashe mutum 14 sau biyu

Makon jiya mun tsaya a ranar da takardar ɗaukata aikin sanin makama ta iso. Ga waɗanda yau suka fara bibiya, karatun da na yi shi ne hulɗar ƙasa da ƙasa da nazarin rikici da tsaro. Shekara uku ake yi a aji, amma tsarin da na zaɓa yana fitar da ɗalibi shekara guda, tsakanin ta biyu da ta ƙarshe, ya je ya yi aiki a wata ma'aikata kafin ya dawo ya rubuta kundinsa.

Ba zan ɓoye muku ba, da girman kai na je wurin nan. Shekara biyu ina cin maki mai kyau. Ko daga barci aka tashe ni zan kawo maka yarjejeniyar Westfaliya ta 1648 da ta kawo ƙarshen yaƙin shekara talatin a Turai, in bayyana maka abin da masanin siyasar duniya John Herz ya rubuta a 1950, cewa ƙasa takan tara makami don tsoron maƙwabciya, ita kuma maƙwabciyar ta ga haka ta tsorata ta tara nata, a ƙarshe kowa ya fi da zama cikin haɗari. Da muka yi wasan kwaikwayon zaman Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya a aji, mu 15 kamar yadda kujerunsa suke, ni na wakilci Rasha, kuma sau biyu ina hawa kujerar na-ƙi don kawai in ga idon wakiliyar Faransa ya yi ja. Daren da zan fara aiki Umma ta kira ni a waya.

"To yanzu jakada za ka zama ke nan?"

"Da yardar Allah, Umma. Hanyar ce aka kama."

Hanyar ta kai ni wata ƙaramar cibiya mai bibiyar rikice-rikice, ma'aikatanta ba su cika ɗaki biyu ba. Shugabar sashenmu, wadda kowa ke ce wa Dakta, ta nuna mini tebur kusa da injin buga takardu, ta buɗe mini jadawali a Excel. Gidaje biyar ne a jere: rana, wuri, su wa da wa, adadin mamata, majiya. Aikina in karanta rahotannin 'yan jarida da na ƙungiyoyin agaji tun safe, duk wani hari ko arangama in ba shi layi guda. Shi ke nan. Babu Westfaliya, babu kujerar na-ƙi.

Sati uku na farko kamar in yi kuka. Ka san mutum idan ya ɗauka za a tambaye shi ra'ayinsa kan makomar duniya, sai ya tarar ana tambayarsa ko ya duba rubutun sunan ƙauye da kyau.

Sai dai jadawalin yana da ma'auni, kuma ma'aunin ne ya fara jan hankalina. Cibiyarmu tana bin ƙa'idar da masu tattara bayanan rikici na Jami'ar Uppsala da ke Suwidin suka shimfiɗa: idan faɗa tsakanin ɓangarori biyu masu makamai ya ci rai 25 a cikin shekara guda, ya shiga lissafi, idan ya kai 1,000 kuwa sunansa yaƙi. A aji mun karanta wannan a layi biyu muka wuce. A ofis na ga cewa tsakanin 24 da 25 akwai bambancin da kan sa wani yanki ya shiga rahoto ko a bar shi a waje, kuma masu rabon kuɗin agaji rahoto suke karantawa.

A wata na biyu aka ba ni wani yanki in riƙe, har da rubuta taƙaitaccen bayaninsa na mako. Wata Litinin na ga labarin an kai hari wani ƙauye, mutum 14 sun mutu. Na ba shi layi. Ranar Laraba wata kafar ta kawo labarin hari, ita ma mutum 14, amma sunan wurin daban, ranar ma daban. Na ƙara layi. Jimla 28. Gabana ya faɗi, amma, Allah Ya yafe mini, har da ɗan daɗi a ciki, irin na mafarauci da ya hango sawu. Na rubuta cewa rikicin yankin ya haye ma'auni a cikin kwana uku, na ƙawata shi da sakin layi biyu na nazari, har masanin nazarin zaman lafiya Johan Galtung na jawo da zancensa cewa shirun bindiga kaɗai ba shi ne zaman lafiya ba. Dakta tana wani taro a ranar, wanda ya duba bayanin a madadinta yana sauri, aka tura wa abokan hulɗa.

Washegari ko jaka ban ajiye ba ta leƙo.

"Samari, zo."

Ta juyo mini da fuskar kwamfutarta. Layukana biyu ne, ta shafa musu ruwan ɗorawa.

"Wa ya faɗa maka?"

"Ranki ya daɗe, kafofi biyu ne suka ruwaito."

"Ta biyun wa ya faɗa mata?"

Na yi shiru. Ta buɗe labaran biyu gefe da gefe, ta sa ni karantawa da ƙarfi. Jimla ta uku iri ɗaya ce sak, har kuskuren waƙafi. Kafa ta biyu kwafo ta farko ta yi. Sunan da ta ambata na gundumar da ƙauyen yake ciki ne, ranar da na ɗauka kuwa ranar buga labarin ce, ba ranar harin ba. Hari ɗaya ne. Mutum 14 ɗin nan ni na sake kashe su a takarda.

Da na yi shiru da an wuce wurin, amma ɗalibi mai cin maki bai iya shiru ba. Na ce ai gara a yi ƙararrawa a banza da a yi shiru a yi asara, na kawo mata Ruwanda. Na ce ranar 11 ga Janairun 1994 Janar Roméo Dallaire, kwamandan dakarun kiyaye zaman lafiya a Kigali, ya aika saƙo hedikwatar Majalisar Ɗinkin Duniya a New York cewa wani ya tsegunta masa an ɓoye makamai ana shirin hallaka 'yan ƙabilar Tutsi, ya nemi ya kai samame aka hana shi. A Afrilu kisan ƙare dangi ya fara, cikin kwana kusan 100 aka kashe kimanin mutum 800,000, kuma ana tsaka da kisan Kwamitin Sulhu ya rage dakarun zuwa 270. Na ce shi ma ai majiya ɗaya gare shi.

Ta bar ni na kai aya, sannan ta tambaye ni ko na taɓa karanta saƙon da kansa, ba abin da littattafai suka ce game da shi ba. Ban taɓa ba. Ta nemo shi a intanet, ta buga mini, ta ce in koma teburina.

Shafi biyu ne kacal. Dallaire ya faɗi matsayin mai tsegumin da yadda aka yi suka haɗu, ya jero abin da mutumin ya ce, sannan kusa da ƙarshe ya rubuta da kansa cewa yana da 'yar tantama kan yadda mutumin ya sauya zuciya farat ɗaya, kuma ba a kawar da yiwuwar tarko ne ba. Majiyarsa ɗaya ce, kuma ya ce ɗaya ce. Ni tawa ɗaya ce na ce biyu. Na daɗe ina kallon takardar, injin bugawa na ta ƙara a gefen kunnena.

Hukuncina shi ne in rubuta gyaran da hannuna, da sunana a ƙasa. Na rubuta shafi guda cike da dalilai da ban-haƙuri, ta soke. Na mayar da shi rabi, ta soke. Abin da ya fita daga ƙarshe jimla uku ne: abin da muka ce jiya, abin da yake daidai, da yadda kuskuren ya faru. Wani daga cikin abokan hulɗar ya amsa da kalma ɗaya ta godiya, sauran ko uffan. Ni da na kwana ina jiran a kore ni.

Daga ranar ta ƙara wa jadawalina gida na shida, wanda sauran ma'aikatan ba su da shi, ta sa masa suna "asalin majiya". Kowane layi sai na bi labarin baya har in kai ga wanda ya fara faɗa: ɗan jarida ne da ya je wurin, ko jami'in asibiti, ko kakakin ɗaya daga cikin masu faɗan, wanda kullum mamatan abokan gaba ke da yawa a bakinsa, nasa kuma kaɗan. Aikin da nake gamawa kafin azahar ya koma kai ni yamma. A nan ne kuma na lura da wasu gundumomi da ba su da layi ko ɗaya wata da watanni. Na tambayi wani tsohon ma'aikaci ko lafiya ce ta samu a can, ya yi dariya ya ce in duba ko akwai ɗan jarida ko layin waya da ya rage a wurin.

Da Umma ta sake kira ta tambayi labarin jakadanci, na ce mata ƙidaya nake koyo. Ta ce ai ta ɗauka na gama wannan tun firamare.

Bayan kamar wata guda, wata Alhamis da yamma, Dakta ta ajiye mini sabon littafin rubutu a kan tebur. Ta ce gobe zan raka ta wani zama da ba a buɗe wa 'yan jarida ba, wakilan ɓangarori biyu da ba sa ga maciji da juna za su zauna a ɗaki ɗaya, kuma a ƙarƙashin ƙa'idar Chatham House za a yi shi: ana iya amfani da abin da aka faɗa, amma ba a bayyana wanda ya faɗa ko inda ya fito. Ni zan ɗauki bayanin zaman.

"Ranki ya daɗe, to gida na shida fa?"

"Gobe a kanka za ka riƙe shi," in ji ta. "Kuma ka sa rigar kirki."

Abin da ya faru a ɗakin nan, da yadda aka shafe awa guda ana gardama kan wanda zai fara shiga, sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.