Na zagaye kasuwar Wunti ina neman abin da zai ajiye wa Baba tafsiri

Tun kafin azumin bana ya kama Baba yake min maganar nan, wai in nemo masa bidiyo irin na da, wanda zai danna maɓalli ɗaya ya ɗauki abin da ake yi a tibi ya ajiye, in ya dawo ya zauna ya kalla a nitse. Damuwarsa ita ce tafsirin da yake bi ana sa shi ne daidai lokacin da yake masallaci wurin asham, kafin ya dawo ya huta sai dai ya tarar ana addu'ar tashi. Na ce masa Baba ai yanzu kusan komai yana YouTube, sai ya ce "to ni na ce maka waya nake so? Idona ba ya ganin ɗan rubutun nan naku, kuma wa zai dinga sa min data kullum?" Na yi shiru don gaskiyarsa ce.

Mu da muka tashi a gidan nan na unguwar Jahun a Bauchi mun san Baba da wannan ɗabi'ar. Har yau akwai kwali biyu a ɗakinsa cike da kaset ɗin bidiyo, kowanne ya manna masa takarda ya rubuta abin da ke ciki da hannunsa, akwai hawan sallah na shekaru daban-daban, akwai tafsiri, har da wasan ƙarshe na Olamfik ɗin 1996 da Najeriya ta ci Ajantina 3 da 2, shi ya ɗauka da kansa a daren. Kaset ɗaya awa uku yake ci, ka saya sau ɗaya shikenan ya zama naka, babu wanda zai zo ƙarshen wata ya ce kawo kuɗi kafin ka kalli abin da ka ɗauka. Injin ɗin ne ya mutu, kan da ke karanta kaset ɗin ya cinye, kuma sabo babu shi ko'ina tunda kamfanin Funai na Japan da ya rage shi kaɗai yana ƙera su ya daina tun 2016.

Ni a tunanina abu ne mai sauƙi, tunda an wuce zamanin kaset ai sai wanda ke da had-dis a ciki, wato wannan ma'ajiyar da ke cikin kwamfuta, ka jona shi da tibi ka saita lokaci ya ɗauka. Ranar Asabar na shiga Wunti. Shagon farko da na ce ina neman na'urar ɗaukar shirin tibi mai had-dis, yaron shagon ya ce akwai yallaɓai, ya shiga ciki ya fito min da DVR na kyamarar tsaro, irin wanda ake sawa a gidan mai da shaguna. Na ce ba wannan ba, na tibi nake nufi. Ya ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, wancan ba shi da abin kama tasha kwata-kwata, hoton kyamara kawai yake karɓa. Shago na biyu da na uku duk haka, na huɗu ne wani dattijo da ya daɗe a harkar ya gane abin da nake faɗa, ya ce "ɗana, rabona da ganin irin wannan a kwali sabo ya fi shekara goma, sai dai ka dace da ɗan kwatano, in ba haka ba ka je ka sayi dikodar masu kuɗin wata, su suna da mai ɗauka."

To a nan ne fa raina ya sosu, don na taɓa shiga wannan. Shekarun baya na sayi irin wannan dikodar mai tsada da kuɗina, na ɗauki abubuwa sun fi talatin a ciki, har da wani shiri da aka nuno ƙanena a ciki. Watan da abubuwa suka yi min tsauri ban biya ba, na kunna in kalli abin da na riga na ajiye, sai ga rubutu a fuskar tibi wai sai na sabunta. Dikoda tawa, wutar da ta sha tawa, a falona take zaune, amma abin da ke cikinta an kulle shi da makullin da ba ya hannuna. Ko ka ciro had-dis ɗin ka sa a kwamfuta ba abin da za ka gani, a rufe yake ruf. Kuma ban da kuɗin tashoshi akwai wani ƙarin kuɗi na daban da kake biya duk wata kawai don a buɗe maka damar ɗauka. Wannan ba saye ba ne, haya ce aka sa mata rigar saye.

Da na dawo gida na zauna na bi diddigin abin, sai na ga ashe tun asali da haka ya faro. A 1999 aka fara fito da irin waɗannan na'urori a Amurka, TiVo da ReplayTV, kuma ita TiVo tun ranar farko sai ka biya kuɗin wata, ko ka biya dunƙule sau ɗaya, kafin ta ba ka jadawalin shirye-shirye. Daga baya kamfanonin da ke sayar da tashoshi suka ga ai gara su sa had-dis a cikin dikodarsu su ba ka haya. Da zarar haka ta faru mai ƙera na'ura mai zaman kanta ya rasa kasuwa, don tashoshin da mutane suka fi so a kulle suke zuwa, dikodar kamfanin ce kaɗai ke iya buɗe su. Ko ka ce bari in ja waya daga bayan dikoda zuwa wata na'ura, wayar HDMI tana da nata makullin da ake kira HDCP wanda aka yi shi musamman don hana kwafa. Sai dai ka koma tsohuwar wayar nan mai kai uku, ja da fari da ɗorawa, hoton kuma ya ragu sosai. Sannan ga intanet ta zo ta ƙarasa abin, kamfanoni suka ce kowa ya koma kallo ta data.

Amma fa ba ko'ina abin ya mutu ba. A Ingila suna da Freeview tun 2002, tashoshi masu yawa da eriya kawai ake kama su, shi ya sa kamfanoni irin su Humax da Panasonic suka daɗe suna sayar da akwatin ɗauka mai had-dis ba tare da kuɗin wata ba. A Japan ma abu ne da aka saba gani a gidaje. Wato inda tashoshin kyauta suke da ƙarfi kuma suke da jadawali tsayayye, na'urar tana samun masu saye. Mu nan da aka fara komawa dijital a Jos cikin watan Afrilun 2016 na yi zaton za a samu irin haka, sai ya zama akwatin FreeTV da aka fito da shi don kama tashoshin, shi ma ya zo da kuɗin shekara.

Abin da ya fi damuna shi ne mu ne muka fi kowa buƙatar wannan abin. Wanda wutarsa ba ta ɗaukewa kuma intanet ɗinsa ba ta yankewa ba ruwansa, duk sanda ya so zai kalla. Mu kuwa shirin da kake jira sati guda yana farawa a ɗauke wuta, ko lokacin sallah ya yi, ko baƙi su yi sallama. Ga tsofaffinmu da ba su iya shafa waya ba amma rimot sun san shi kamar yunwar cikinsu. Kuma da yawan abin da tashoshinmu ke nunawa sau ɗaya ne, in ya wuce ya wuce, ba lallai wani ya ɗora shi a intanet ba.

Mafitar da na samu daga wani yaro mai saita dish a unguwarmu ta zo. Ya ce "Yaya ai risibar da ke ɗakin Baba tana ɗauka, ba ku taɓa duba bayanta ba ne." Ashe yawancin risibobin nan na tashoshin kyauta, irin su Strong da takwarorinta da muke kama taurarin ɗan adam na Nilesat da Arabsat da su, suna da ramin USB, in ka jona filash ko had-dis na waje jan maɓallin nan da ke rimot zai fara aiki. Shekara nawa muna da ita ba wanda ya sani, don mai sayarwa bai faɗa ba, takardar cikin kwali kuma tun ranar farko aka yar.

Sai dai ba a rana ɗaya abin ya zauna ba. Filash ɗin farko da na sa na banza ne, hoto ya dinga tsayawa yana kakkaryewa saboda ba ya iya rubutu da sauri. Na kawo had-dis na tsohuwar laftof mai giga 500 na sa shi a ɗan gidansa, shi kuma ya dinga ƙara ƙit ƙit ya ƙi tashi, ashe wutar da ramin USB ɗin risiba ke bayarwa ta yi masa kaɗan, sai da muka samo waya mai kai biyu muka ba shi wuta ta gefe da cajar waya. Sai maganar fomat, wato tsarin da had-dis ɗin ke ajiye fayil a kai, in ka bar shi a FAT32 fayil ɗaya ba ya wuce giga 4, dogon shiri sai ya rarrabu gida-gida, muka mai da shi NTFS tunda risibarmu tana karanta shi. Agogon risiba ma sai ka tabbatar yana kan GMT+1, in ba haka ba ka saita ƙarfe takwas ta ɗauko maka abin ƙarfe tara. Mafi yawan tashoshin ba sa turo jadawali, da hannu za ka sa lokacin farawa da na gamawa, ni ina ƙara minti goma gaba da baya saboda ba kasafai ake farawa a kan lokaci ba. Kuma mai kama tasha ɗaya ne a cikinta, in tana ɗauka yara ba za su canza zuwa duk tashar da suka ga dama ba, wannan sai da aka yi zaman gida a kai.

Babban abokin gaba shi ne ɗauke wuta ana tsakiyar ɗauka, sau biyu fayil ya lalace mana gaba ɗaya. Da yake risibar bolt 12 take sha, sai muka ɗora ta a kan ƙaramin batirin sola da ke kunna fitilun tsakar gida, tibi na iya mutuwa amma ita tana ci gaba da aikinta a duhu.

Abin da har yanzu ban warware ba shi ne tashoshinmu na gida da ake kamawa da eriya, wanda a nan ne ake nuna hawan sallah da abubuwan cikin gari da Baba ya fi so. Risibar dish ba ta ganin su. Dattijon nan na Wunti ya yi min alkawarin in kayan kwatano suka sauka zai duba min tsohon rikodan DVD mai had-dis irin na Panasonic ko LG, na bar masa lambata, duk sati biyu ina leƙawa.

Tafsirin dai an same shi. A tasharmu awa ɗaya yana cin wajen giga ɗaya da rabi, azumin gaba ɗaya bai kai giga 80 ba, kwana uku kawai muka rasa. Na kwafe su a kwamfuta na sa wa kowanne kwanan wata da sunan sura. Jiya bayan la'asar na shiga na tarar Baba ya yanko farar takarda ya manna a jikin had-dis ɗin, yana rubuta shekara da biro kamar yadda yake yi wa kaset, ya ɗago ya ce in nemo masa wani kafin babbar sallah, wannan kada a ƙara taɓa shi.